Birkin Keken Baba

A daminar shekarar da na gama jami'a, wata biyar na yi a gida ina jiran a kira mu bautar ƙasa. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. In yi shara, in yi wanke-wanke, in ɗauki littafi in karanta shafi ɗaya sau uku, in ajiye, in duba waya, in koma bakin taga. Ta tagar ɗakina a unguwar Ɗan Iya, cikin Bauchi, ana hango kan wani dutse can bayan rufin maƙwabta, kuma duk sanda hadari ya taso sai ya zo ya zauna a kansa kamar ya gaji da tafiya. Ni kuwa ko tafiyar ban fara ba. Tafin ƙafata har ƙaiƙayi yake yi.

A zauren gidanmu keken Baba yake kwana. Baƙi ne, dogo, mai nauyi, irin na da, ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun da Baba ya yi ritaya gwiwarsa ta daina yarda da doguwar tafiya a ƙasa, saboda haka keken nan shi ne ƙafafunsa. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake zuwa gonarsa a hanyar Gubi, da shi yake zuwa duba mara lafiya. Ba ya ba da aronsa. Yayyena maza sun girma sun bar gidan, ba wanda ya taɓa ɗora ƙafa a kan fedarsa. Kullum da safe Baba yakan goge shi da tsumma da hannun dama, hagun yana dafe da sirdi, don yatsu uku na hagun ba sa lanƙwashewa tun wani ƙarfe da ya faɗo masa a wurin aiki kafin a haife ni. Mun saba da hannun har mun daina ganinsa.

Ni a Jos na koyi keke, a gidan goggona, wani dogon hutu ina 'yar shekara goma sha biyu. 'Ya'yanta suka koya mini, kuma abu ɗaya suka yi ta nanata mini har ya zauna a jikina: birkin hagu shi ne na baya, shi za ki matsa in abu ya taso, na dama na gaba ne, zai kifar da ke. Bayan hutun ban sake hawa ba. A unguwarmu budurwa ba ta hawan keke. Ba wanda ya hana, ba a dai yi ne.

Ran wata Lahadi Baba ya tafi Azare duba ƙaninsa, ya ce sai Alhamis. Ran Litinin, da na idar da sallar asuba, na fito zaure in ɗauki tsintsiya, sai na tsaya ina kallon keken. An yi ruwa kafin wayewar gari, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ce a raina, zan kai bakin titi kawai in dawo. Na sa wando a ƙarƙashin doguwar rigata, na sa gajeren hijabi, na zare sakata a hankali.

Ban tsaya a bakin titi ba. Na tuna madatsar ruwan Gubi, yadda nakan hango ta tana sheƙi lokacin da nake makaranta, sai na karkata kan keken wajen. Masu shayi suna hura wuta, ba wanda ya ɗaga kai. Gidaje suka fara raguwa, masara ta fara bayyana gefe da gefe, iska ta cika mini hijabi. Rabon da in ji numfashina ya kai har ƙasan ƙirjina tun ranar da na rubuta jarrabawar ƙarshe. Ina jin har waƙa na yi.

A wata gangara mai kwalbati a ƙasanta tunkiya ta fito daga cikin ciyawa da 'ya'yanta biyu. Na damƙi birkin hagu da duk ƙarfina, yadda aka koya mini. Ƙafar gaba ta ƙame a kan jiƙaƙƙen yashi, keken ya zame, muka daki simintin kwalbatin, na tashi sama na sauka a cikin ciyawa. Tunkiyar ta wuce abinta.

Gwiwar hannuna da ta ƙafata suka kuje, ban da haka ba abin da ya same ni. Amma wilin gaba ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ƙarfen da yake riƙe da shi, wanda masu gyara ke kira fok, ya koma baya, madigadi ya murɗe. Na zauna a bakin kwalbatin ina ƙirga kwanaki da yatsu. Uku. Abin da na sa a raina a wurin shi ne Baba ya dawo ya tarar da kekensa yadda ya bar shi, kada ya taɓa sani.

Wani mai napep ya taimaka mini muka ɗaure keken a baya. Inna tana tsakar gida tana dama koko lokacin da na jawo shi zaure yana ɗingishi. Ta dubi keken, ta dubi rigata, ta ci gaba da damunta.

“Kin karye?”

“A'a, Inna.”

“To je ki wanke ciwon da ruwan gishiri. Ni ban ga komai ba. Amma idan ya tambaye ni ba zan yi masa ƙarya ba, kin ji na gaya miki.”

Keken Baba yana da mai gyaransa, wani dattijo abokinsa a Ƙofar Dumi, wanda ya fi shekara talatin yana duba shi. A tsohon gari haka abin yake, kowane keken dattijo da mai kula da shi, ba a kai shi wani wuri. Tun ina yarinya na san rumfar, na san gwangwanayen madara da ya jera a kan katako, kowane keke da nasa, inda yake tara tsofaffin notina da boris ɗin da ya cire. Shi ya sa ma na ƙi zuwa. Da ya hango keken daga nesa zai gane shi, kafin la'asar labari ya isa Azare. Sai na nufi ɗaya gefen garin, bayan kasuwa, layin masu kayan keke da babur, inda ba wanda ya san ni.

Mai shagon da na shiga mutumin kudu ne, mai faɗin fuska da fara'a, ya daɗe a Bauchi. Yana da makanike a ƙofar shagon, wani magidanci mai ƙaramin gemu. Suka kwantar da keken suna dubawa.

“Hajiya, kai ne ka faɗi, ko mota ya buge shi?” in ji mai shagon.

“Tunkiya ce.”

“Tunkiya! Wannan tunkiya yana cin siminti?”

Ya shiga ciki ya fito da wili sabo dal a leda, yana walƙiya har ina ganin fuskata a doguwa a jikinsa. Ya ce wannan ba nauyi, yana gudu, kowa shi yake saya. Ya kawo wani mai kauri, ya ce wannan na masu ɗaukar buhu ne. Na juya su duka biyun, na mayar masa.

“Ba ka da mai tsatsa?”

Ya dube ni, ya dubi makaniken. “Shekara ashirin ina wannan layi, yau na ga mai neman tsatsa.”

Na ce masa keken na mahaifina ne, kuma ba na so ya gane an canja komai. Dariyar da yake yi ta tsaya. Ya ce shi ma yana da 'ya mace a makaranta. Ya kai ni bayan shagon, inda tsofaffin wiloli da fok-fok na hannu suke rataye a kan waya kamar shanya. Na fi awa a wurin. Ina ɗauko ɗaya, in kai shi kusa da wilin baya, in gwada launi da launi, in mayar. Wannan ya yi fari da yawa, wancan tsatsarsa ja ce, ta Baba kuwa ruwan ƙasa ce mai duhu, irin ta abin da ake gogewa kullum. Makaniken yana ta ce mini in duba ƙarfin ƙarfen, in duba ko ya miƙe, ni kuwa launi kawai nake gani. Daga ƙarshe na zaɓi wili ɗaya, na zaɓi fok baƙi wanda fentinsa ya goge a daidai inda na Baba ya goge. Makaniken ya ce ga wani can da ya fi shi lafiya, sai dai shuɗi ne. Na ce a'a, baƙin.

Yana cikin haɗawa ne ya matsa birki, ya saki, ya sake matsawa, ya bi wayar da yatsa har ƙasa.

“Malama, wane birki kika kama da za ki faɗi?”

“Na hagu. Na baya.”

“To ai ga abin da ya kayar da ke. Wanda ya ɗaura wannan a juye ya ɗaura. Hagu ya kai gaba, dama ya kai baya. Wannan ai kisan kai ne. In gyara?”

Ban taɓa jin sanyi a raina irin na lokacin ba. Ashe ba ni ba ce. Ashe na iya keke, tsohon Ƙofar Dumi ne ido ya fara gaza masa. Na ce ya gyara, ya kuma sa sababbin robobin birki, tun da su ba a cika kallonsu ba. Har na ji kamar wata kyauta na yi wa Baba a ɓoye. Tsohon wilin da fok ɗin na naɗe su a buhu na kawo gida na tura bayan tankin ruwa, don na kasa barin su a can.

Ran Laraba ban zauna ba. Na kwaɓa ƙasa da baƙin mai na shafa wa notinan da suka yi haske. Na goge, na ga ya yi yawa, na sake shafawa. Na jingina keken a inda yake kwana, na ja da baya na duba, na matsar da shi taki ɗaya, na mayar. In shiga ɗaki in ɗauki littafi, sai in ji kamar wilin yana haske a zaure, in fito. Inna ta ce in na ƙara wucewa ta gabanta sau ɗaya za ta ba ni dakan da zai zaunar da ni.

Baba ya dawo Alhamis bayan la'asar. Ina tsaye a bayan labule lokacin da ya shigo zaure. Ya tsaya kusa da keken, ya dafa sirdi yana cire takalmi, na ƙirga numfashina har bakwai, sannan ya yi sallama ya shigo. Ya ba mu labarin jikin Baffa, ya ce da sauƙi. Ya miƙo mini ƙullin tsarabar da ya kawo.

“Uwata, lafiya kike ɗingishi?” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Zamewa na yi, Baba.”

“Allah ya kiyaye gaba,” ya ce.

Da safiyar Juma'a ya ce zai leƙa gona ya dawo kafin masallaci. Na bi shi zaure da sunan zan rufe ƙofa. Ya goge keken da tsummansa, ya danna tayoyin da babban yatsa, ya fitar da shi. Layinmu gangara ne, daga ƙofar gidanmu yake sauka kai tsaye har babban titi, inda manyan motoci suke wucewa da safe. Baba ya yi bisimilla, ya ɗora ƙafa a feda, ya tura sau biyu, ya haye.

Hannayensa nake kallo, ban san dalili ba. Na dama ya rufe kan keken, yatsunsa sun sauka a kan birki, a shirye. Na hagu kuwa yana kwance kawai a kan ƙarfen, yatsun nan uku a miƙe, kamar tsuntsun da ya sauka ya huta. Ba su kai ga birkin ba. Ba su taɓa kaiwa ba.

Sai na gane. Ba kuskure tsohon ya yi ba. Ya mayar da birkin baya hannun da yake iya matsawa ne. Ni kuma na sa an ɗauke shi an mayar hannun da ba ya rufuwa, na sa wa na gaba sabuwar roba, na ajiye shi a ƙarƙashin hannun da Baba zai damƙa da duk ƙarfinsa a bakin titi.

“Baba! Kada ka kama birki! Baba, sa ƙafa a ƙasa!”

Ban san ina da murya haka ba. Na fita a guje ba takalmi, mayafina a hannu. Maƙwabcinmu da ke wanke babur ya miƙe tsaye, matan da ke ɗibar ruwa suka juyo. Baba bai yi nisa ba, gangarar ba ta riga ta ɗauke shi ba. Ya sauke ƙafafunsa biyu, takalmansa suka ja ƙasa, keken ya yi tangal-tangal, na iso na riƙe kariyar ɗora kaya ta baya da hannu biyu. Na ga ya runtse ido saboda gwiwarsa.

A tsakiyar layi, a gaban kowa, na faɗa masa komai. Tunkiyar, kwalbatin, bayan kasuwa, birkin. Ina magana ina haki. Ya saurara har na gama. Sannan ya sauka, ya matsa birkin dama, ya tura keken. Ƙafar gaba ta ƙame, ta baya ta ɗaga sama. Ya daɗe yana kallon titin da ke ƙasa, inda wata tirela take wucewa.

“Wilin na gan shi tun jiya,” ya ce a hankali. “Ƙasa da baƙin mai kika shafa, har hannun rigata ya ɗauka. Ina jira ne ki faɗa da bakinki. Amma wannan ban gan shi ba.” Ya juya keken. “Je ki sa takalmi. Ina tsofaffin kayan?”

A napep muka je Ƙofar Dumi, keken a ɗaure a baya, buhun a kan cinyata. Dattijon yana zaune a kan benci da tabarau a karan hanci. Tun kafin mu sauke ya fara.

“Wa ya taɓa mini keke? Malam, ka fara yawon asibitoci ne da tsufanka?”

“Tambayi 'yarka. Ita ta ce idonka ya mutu, ka ɗaura birki a juye.”

“Ban ce ba, Baba,” na ce, na durƙusa na gaishe shi. A raina na faɗa, amma na san na faɗa.

“'Yar boko! An ba ku digiri, za ku gyara mana duniya.” Dattijon ya bi wayoyin da yatsa, ya girgiza kai. “Wanda ya yi wannan ya iya aiki. Keke ya gani, bai ga mai keken ba. Ke kuma da kika san mai keken ba ki gaya masa ba.”

Ya kwance ƙafar gaba, ya ɗaga wilin ya juya shi kusa da kunnensa, ya bar shi yana ta juyawa. Ya ce wannan ya yi, in dai ni na zaɓa to sa'a na ci. Sannan ya zare fok ɗin, ya riƙe shi da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa da sifana. Ya ce in matso. Ya zaro na Baba daga buhu, mai lanƙwasar, ya ƙwanƙwasa. Na Baba ya yi ƙara mai tsawo, siririya, ta daɗe kafin ta mutu. Wanda na zaɓa ya yi wata gajeriyar ƙara kamar an buga murfin tukunya. Ya kankare fentin a wuyansa da farce, ya nuna mini wani layi siriri kamar gashi.

“Tsagewa ce. Me ya sa kika ɗauki wannan?”

“Launinsa ya yi daidai.”

Baba ya juya kai gefe yana danne dariya. Dattijon ya ce tsohon fok ɗin zai miƙu, amma sai an sa shi a wuta an bi shi a hankali, ba aikin yini ɗaya ba ne. Ya sauko da wani gwangwani daga kan katako, ya zazzage a tafin hannunsa, ya tsinto wasu ƙananan ƙarafa da ya ce tun ranar da ya juya birkin ya ajiye su. Ya ce mu dawo Litinin.

Ran nan a ƙasa Baba ya tafi masallacin Juma'a. Ya ƙi hawa napep, ya ce bai saba zuwa gaban Allah a cikin kwando ba. Na tsaya a ƙofar zaure ina kallonsa yana sauka gangarar da darduma a kafaɗa, yana jan ƙafar dama, yana tsayawa a inuwar kowace bishiya kamar mai duba wani abu. Da ya dawo Inna ta gasa masa gwiwar da ruwan zafi, ba wanda ya ce mini komai. Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Kwana ukun nan zauren ya yi faɗi, kuma duk sanda na wuce sai in ga alamar tayoyi biyu a ƙasa, inda suka yi shekaru suna tsayawa.

Litinin da yamma ya dawo a kan kekensa, na ji ƙararrawarsa tun daga kwana. Fok ɗin ya miƙe, wuta ta cinye fentin a wuri ɗaya, dattijon bai damu ya rufe ba. Ina shara a zaure na matsa masa. Ya jingina keken, ya ɗauki tsummansa.

“Har ina kika kai?”

“Kwalbatin da ke gaban gonakin masara, Baba.”

“Ko rabin hanya ba ki yi ba.” Ya ci gaba da goge wilin da na zaɓa. “Akwai wata gangarar a gaba da ta fi wannan. In kin zo kanta, dama za ki kama. A keken nan dama ce ta baya.”

Daga tsakar gida Inna ta ce, “Malam, me nake ji haka?”

Baba ya juyo wajena. Ya miƙo mini tsumman, ya nuna mini ƙasan madigadi, inda ƙasar da na shafa ba ta gama fita ba.